Ko Kun Sani? Sirrin Bakin Tsuntsayen Galafagos

Ko kun san cewa a tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado akwai ƙananan tsuntsaye iri fiye da 12 da suka fito daga tsatso ɗaya, amma kowanne da irin bakinsa? Wani gajere ne kakkaura, na fasa ƙwaya mai tauri. Wani dogo ne siriri, na zurawa cikin fure. Charles Darwin ya tattaro su a 1835.

A 2004 masana a Jami'ar Harvard suka gano cewa ƙwayar gado mai suna BMP4 ce ke ƙara wa bakin kauri da faɗi tun tsuntsu yana cikin ƙwai: in ta fara aiki da wuri kuma da ƙarfi, sai bakin ya yi kauri. A 2006 suka gano cewa tsawon bakin yana tafiya da wata daban, kalmodulin.

Kamar yadda tela ke ƙara tsawon riga ba tare da ya taɓa faɗinta ba, haka tsawon bakin da faɗinsa kowanne ke sauyawa shi kaɗai. Wannan tsari ne ke ba zuriya damar dacewa da sabon abinci ba tare da jikin ya lalace ba.