Hoto ko inuwa? Bayani a kan radiyo da sikana

Abin da jama'a ke kira «hoton ƙirji» a haƙiƙa inuwa ce. Hasken X, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, ratsa jiki yake yi. Ƙashi, saboda kalsiyom ɗin da ke cikinsa, yakan tare shi, sai ya fito fari. Huhu kuwa, da yake cike da iska, yakan bar shi ya wuce, sai ya fito baƙi. Matsalar ita ce inuwowin gaɓoɓi na hawa kan juna. Sikana, wadda aka fara gwadawa kan majiyyaci a Landan a 1971, takan zagaya jiki da hasken, kwamfuta ta lissafa siffar kowane yanki dabam. Wajibi ne littattafan yaƙi da jahilci su bambanta wannan aiki da hoton kyamara, domin hasken X in ya yawaita yana lahanta ƙwayoyin jiki.