Annabelle: 'Yar tsanar da ba ta motsi amma ta hana mutane barci

Yau maganar fim ɗin ban tsoro za mu yi, irin wanda ake ginawa a kan 'yar tsana. Duk mai zuwa shagon masu tura fim a waya a nan Kazaure ya san sunan Annabelle da Chucky, ko da bai taɓa ƙarasa kallonsu ba. Abin da nake so in warware shi ne dalilin da ya sa irin wannan fim yake da arha wajen shiryawa, amma yake kawo kuɗi, da kuma abin da zai hana shi tsorata Bahaushe in aka kwafo shi yadda yake.

Annabelle ya fito a 2014, daraktansa John R. Leonetti, kuma James Wan yana cikin furodusoshinsa. An kashe masa kusan dala miliyan 6.5, ya dawo da sama da dala miliyan 250. A wajenmu miliyan shida na dala kuɗi ne na fitar hankali, amma a Amurka, inda ake zuba sama da miliyan 100 a fim ɗaya, wannan ƙaramin fim ne. Labarin ba shi da wani tsawo. Miji ya sayo wa matarsa Mia 'yar tsana tana da tsohon ciki, wasu 'yan ƙungiyar asiri suka faɗo musu gida da dare, ɗaya daga cikinsu ta mutu riƙe da 'yar tsanar, jininta ya ɗiga a kanta. Daga nan gida ya daina zaunuwa.

To ga inda dabarar take. Ku sake kallon fim ɗin ku lura, sau nawa kuka ga 'yar tsanar ta motsa da kanta? Kusan babu. Ba ta tafiya, ba ta magana, ba ta ɗaukar wuƙa. Kyamara za ta nuna ta a kan kujera, a juya a bi Mia zuwa kicin, a dawo a tarar ba a yadda aka bar ta take ba. Wani ne kawai cikin ma'aikata ya ɗauke ta ya sauya mata wuri tsakanin ɗauka biyu, aikin da ko sisi ba ya ci. Mijin ya jefa ta a shara, suka tashi suka koma wani gari, ana buɗe kwali sai ga ta a ciki. Keken ɗinki ya kama aiki shi kaɗai da tsakar dare. Duk abin da ya firgita ka a nan, kanka ne ya ƙarasa shi, domin kai ne kake ta tunanin abin da ya faru lokacin da ba ka kallo. Kuma kyamara takan daɗe a kan fuskarta, shiru, kana jiran ido ya ƙifta. Ba zai ƙifta ba, amma kai ka riga ka daina numfashi.

Chucky kuwa, na fim ɗin Child's Play na 1988, hanyarsa daban. Shi yana gudu, yana zagi, yana kisa, don haka sai da aka ƙera masa jiki mai inji da mutane da yawa ke sarrafawa a ɓoye. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, kuma da zarar an yi shi da arha sai ya koma abin dariya. Indiyawa sun kwaikwaye shi a Papi Gudia na 1996 wanda Karisma Kapoor ta fito, kuma ni dai a ganina dariyar da yake bayarwa ta fi tsoron yawa.

Turawa suna son liƙa wa irin waɗannan fina-finai cewa labarin gaske ne. Asalin Annabelle 'yar tsanar ƙyalle ce samfurin Raggedy Ann, mai gashin zare, ba ta da wannan mummunar fuskar ta cikin fim. Ed da Lorraine Warren, miji da mata masu cewa suna binciken aljanu, su suka kulle ta a akwatin gilashi a gidansu da ke jihar Connecticut, kuma kusan duk labarin daga bakinsu ya fito. Akwai kuma Robert, 'yar tsanar wani mai zane Robert Eugene Otto, da ke ajiye a gidan tarihi a Key West ta jihar Florida, har mutane na rubuto mata wasiƙun neman afuwa. A kanta Andrew Jones ya yi fim ɗin Robert a 2015 a Birtaniya, da ɗan ƙaramin jari na gaske, ya kuma yi ta sako masa ci gaba.

Yanzu mu dawo gida. 'Yar tsana a wajenmu ba abar tsoro ba ce. Ta ƙashi ce ko ta kara, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle, yara mata su goya ta, har su yi mata biki da kayan ɗaki. Daga baya 'yar bebin roba ta shigo. Ko a hadisi ya tabbata Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yan tsana. Saboda haka wanda zai yi fim ɗin Hausa a kai, sai ya ba mai kallo dalilin da zai sa ya ji tsoron abin da ƙanwarsa ke goyo.

Dalilin Chucky ba zai yi aiki a nan ba. Cewa ran wani mugu da ya mutu ya shiga jikin roba, Musulmi bai yarda da shi ba, wanda ya mutu ya tafi. Amma aljani? Wannan kowa ya yarda akwai shi. Mun taso ana hana mu zuba ruwan zafi ba bisimilla, ana kora mu gida da magariba, ana ce mana kar mu tsinci abu a juji ko a kango ko a gindin tsamiya. Abin mamaki, Annabelle ma nan ta fi kusa da mu, domin a fim ɗin wani shaiɗani ne ya raɓi 'yar tsanar yana amfani da ita. Yarinya ta tsinto 'yar bebi a kangon unguwa da almuru, uwa ta ce ta mayar, da safe a gan ta a kan gado. Wallahi wannan kaɗai ya isa buɗe fim.

Matsalar da marubucin Hausa zai ci karo da ita ita ce malam. Mai kallo ya san maganin abin, tun a minti na goma zai fara cewa a kira mai ruƙiyya mana. In malam ya zo ya yi karatu abu ya ƙare, fim ya mutu. In kuma aka nuna karatu ya kasa, ka taɓo abin da jama'a ba za su ɗauka ba, balle Hukumar Tace Fina-finai ta Kano. Mafita ita ce a sa matsalar ta zama ta mutanen gidan: uwa tana ɓoyewa don kar a ce 'yarta na da iska ta rasa miji, uba yana ganin raki ne irin na mata, kishiya ta san inda 'yar tsanar ta fito amma ta yi gum. Tsoron sai ya zauna a kan wannan jinkirin, kuma irin wannan rikicin cikin gida Kannywood ta fi kowa iya shi.

Ga samarinmu masu ɗaukar gajerun bidiyo da waya don YouTube da TikTok, kayan aikin ba su da yawa: gida ɗaya mai zaure da tsakar gida, 'yan wasa huɗu ko biyar, fitila ɗaya, 'yar bebi daga kasuwa. Lokeshin kuwa muna da shi, ga duwatsun Kazaure da na Roni, ga bakin dam da yamma. Ku guji fenta wa mutum fuska da farar hoda da jan ido na editin, an gaji da shi. Inda kuɗinku ya kamata ya tafi shi ne sauti. Ƙarar ƙofar langa-langa, kukan gyare, takun da ba a ga mai shi ba, a ɗauke su daban da makirfo mai kyau a ɗora daga baya. Kuma a kashe janareta yayin ɗaukar, domin sin ɗin da ake jiran 'yar tsana ta ƙifta ido ba ya yiwuwa ana jin inji yana ruri a bayan gida.