Telebijin a Kurfai: launin da ido ke so da launin gaskiya

Duk wanda ya yi aiki ko fatauci a Filinge a shekarun 1980 ya san wannan labari. Ma'aikaci ya tara albashin watanni, ya ba ɗan kasuwa saƙo a kawo masa telebijin mai launi daga Sakkwato ko Kano. A kafa eriya bisa dogon ƙarfe, maƙwabta su cika tsakar gida, a kunna: Tele Sahel ta fito fari da baƙi, murya kuwa babu, sai ƙara. Nan take zumunci ya ɓaci, ana cewa an sayar wa mutum da ruɓaɓɓen kaya.

Alhali akwatin lafiyarsa lau. Nijar, da ta buɗe telebijin ta ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan wannan yanki ne, tsarin Faransa ta ɗauka, wato SECAM, ƙirƙirar injiniya Henri de France. Nijeriya kuwa PAL ta bi, wanda Walter Bruch ya fito da shi a Jamus a 1963. Dukansu layi 625 ne, shi ya sa hoto ke fitowa. Amma SECAM tana aiko da bayanin launi rabi-rabi, wannan layi ja, na gaba shuɗi, akwatin ya haɗa su da kansa. Akwatin PAL bai iya wannan karatu ba, sai ya watsar da launin. Murya ma ba wuri ɗaya take ba: tazarar megahaz 6,5 a nan, 5,5 a can.

Wannan rigima ta wuce. Dekoda da faranti da akwatuna marasa kauri sun share bambancin. Sai dai wata ta maye gurbinta, kuma ta fi wuyar ganewa, domin ido yana sonta. Masu ƙira sukan saita akwati don ya ƙwace ido a cikin kanti: haske ya yi yawa, ja ya yi jawur, fari ya karkata zuwa shuɗi. Mai saye ya ce wannan ta fi kyau, ya biya.

Launi kuwa abin awo ne, kamar hatsi a tiya. Ƙa'idar da ake kira Rec. 709, wadda aka amince da ita a 1990 don hoto mai kaifi, ta ƙayyade ainihin ja da tsanwa da shuɗi, ukun da sauran launuka ke fitowa daga gaurayarsu. Ta kuma tsai da fari a kusan digiri 6500 na ma'aunin Kelbin, kamar hasken rana. Akwatuna da dama sukan kai 9000 ko fiye, kuma yawan lambar shi ne yawan shuɗin. Mai awo yakan manna wata ƴar na'ura a jikin gilashi, ya aika da launukan da aka san ƙimarsu, na'urar ta karanta abin da ya fito. Tazarar da ke tsakanin abin da aka aika da abin da aka gani ita ce Delta E. In ba ta kai 1 ba, ido ba ya rarrabewa. Ƙasa da 3 aiki ya yi kyau. Sandunan nan masu launi da tashoshi ke nunawa kafin buɗe shiri, waɗanda yara ke ɗauka ado ne, don irin wannan gwaji aka yi su.

Ba kowa zai yi tafiyar kilomita kusan 180 zuwa Yamai neman na'ura ba. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya karɓi rimot, ya fitar da akwatin daga saitin kanti ya mai da shi kan wanda aka rubuta Cinéma ko Film, wanda galibi ya fi kusa da ƙa'ida. Da farko hoton zai yi kamar ya dushe; a ba ido minti goma. Sannan a duba abin da aka sani: fatar fuskar mai karanta labarai, farar riga, jan saniyar Azawak irin ta garken Tukunus. In saniyar ta koma ruwan lemo, akwatin ƙarya yake yi. A kuma koma gefe a duba, tun da a fada ba kowa ke samun tsakiya ba, wasu gilasan kuma daga gefe launinsu zubewa yake.

Ga mai kallo da batir da faifan hasken rana akwai ƙarin riba: rage hasken bayan gilashi yana rage cin wuta, batir ya ƙara jimawa da dare.