Yadda Ake Rubuta Sanarwar Gurbin Aiki Mai Jan Hankali

Sau da yawa ɗan kasuwa kan kashe kuɗi a buga masa sanarwar neman ma'aikata, takardu su cika masa ofis, amma ya rasa ko mutum guda da ya dace. Galibi matsalar tana cikin rubutun sanarwar ne.

Ita sanarwar aiki talla ce, kuma wanda ake son jawowa shi ne ƙwararre, wanda mai yiwuwa yana da aiki a hannu. Irin wannan mutum ba ya motsawa sai ya ga abin da zai ƙaru da shi.

Da farko, a bayyana sunan muƙamin da wurin aikin tun daga kanu. "Ana neman akanta a Apapa, Legas" ya fi "Ana neman ma'aikata cikin gaggawa", domin yana tace masu nema tun kafin su ɗauki alƙalami.

Na biyu, a faɗi albashi, ko mafi ƙaranci da mafi yawa. Ɓoye shi kan kori ƙwararru. A tuna cewa tun 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne a wata. Haka kuma a ambaci fansho, domin Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikata zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8. Kamfanin da ke cika wannan sharaɗi yana da abin tinƙaho.

Na uku, a raba sharuɗɗan dole da na ƙarin tagomashi. Idan aikin na mai digiri ne, a nemi takardar kammala hidimar ƙasa, amma jera sharuɗɗa barkatai kan sa nagari su ja da baya.

Na huɗu, a bayyana adireshin kamfani, da ranar rufe karɓar takardu, tare da cewa ba a biyan ko kwabo. Saboda yawaitar 'yan damfara, wannan jumla kaɗai takan kwantar da hankalin mai nema.

Daga ƙarshe, kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. Dokar Ƙwadago ta tilasta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki. Idan suka saɓa wa abin da sanarwa ta faɗa, sai ya kama gabansa, kamfani kuma ya sake biyan kuɗin talla.