Shawa: ruwan zafi da ƙarfi, na sanyi sai ɗiga

Yau daga Mahuta nake magana.

Da hunturun nan yarona ya buɗe shawar gidanmu, irin mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, saura ƙiris ya ƙone. Na zafin na zuwa da ƙarfi, na sanyin kuwa sai ɗiga. Har na shirya zuwa Funtuwa sayo sabon injin turo ruwa, sai mai gyaran famfo ya ce, "Tsaya Malam, tunda injin na turo na zafi, lafiyarsa ƙalau."

To, ga yadda ya yi. Ya kashe injin da hita, ya rufe bawul ɗin tanki, ya kwance tiyon ruwan sanyi. A bakin tiyon akwai 'yar rariya, wallahi cike take da yashin burtsatse. Yana wanke ta, ruwa ya dawo.

In ka wanke taka bai dawo ba, duba ko bawul ɗin bai buɗe duka ba. Ko kuma tanki ya taɓa ƙafewa, iska ta shiga bututu. Sai ka cire kan shawar, ka bar ruwan sanyi ya yi ta zuba har ya daina tari.

Kafin a gyara, kada yaro ya shiga wanka shi kaɗai. Sai mun haɗu a shiri na gaba.