Tsakanin Reno, Bincike da Waƙa: Wai Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

Akwai wata magana da ake yawan jifan mata masu aikin jami'a da ita, cewa taura biyu ba ta taunuwa: ko dai mace ta riƙe alli, ko ta riƙe zanen goyo. Ni malamar kimiyyar harshe ce, kuma uwa, mazauniyar Fagge. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, akwai wurin da ayyukan nan biyu suke haɗuwa, wato rubutacciyar waƙa da uwa za ta rera wa ɗanta.

Yaron da ya tashi a Fagge yana dab da Sabon Gari, unguwar da aka kafa wa baƙi tun farkon mulkin Turawa. Kunnensa na jin Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka kafin ya iya ɗaura wando. Wannan arziki ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin makarantun kuɗi da muke kai 'ya'yanmu a can da Ingilishi kaɗai suke koyarwa. Manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2022, an soke ta a 2025. Ke nan nauyin ya dawo tsakar gida.

To, me ya sa waƙa? Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci rubutunsu ɗaya, kunne ne ke raba su. Karin rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, wanda ya samo tushe daga arulin Larabci, an gina shi ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Duk yaron da ya rera baiti daidai, ya ja wasalin da ya kamata a ja. Abin da nake shafe zango guda ina bayyana wa ɗalibai a aji, 'yata tana ɗaukarsa a rabin sa'a bayan sallar isha'i, daga baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi ko na Aƙilu Aliyu. Ni kuma ina samun misalan da nake bincike a kansu daga bakinta.

Ba mu ne farau ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya, amma ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai waƙoƙin ga matan ƙauyuka. A nan ƙasar Kano ma, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun fito a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983.

Sai dai a faɗi gaskiya, abin yana da tsada. Daren da aka ba yaro, an cire shi ne daga na rubuta maƙalar neman ƙarin girma, kuma kwamitin tantancewa ba ya ƙirga renon da aka yi. Don haka nake kira ga mazaje su karɓi wani kaso na hidimar gida, hukumomin jami'o'i kuma su inganta wuraren renon yara kusa da azuzuwa.

Ga 'yan uwana mata kuwa, kada mu jira ranar da aiki zai lafa, domin ba za ta zo ba. Baiti biyu a dare sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya.