Waya mai baki da yawa: yadda ake zaɓenta don kayan kiɗa

Kaka ta yi. Wanda ya sayar da wake ko gyaɗa ya samu ɗan rara, sau da yawa kayan kiɗa yake saye: rediyo babba, ampili, lasifika biyu, wani ma har da talabijin. Ya kawo gida da murna. Sai ya duba bango, ya tarar piriz ɗaya ce tak a ɗakin. Daga nan sai a aiki yaro kasuwa ya sayo waya mai baki da yawa, wadda masu sayarwa ke kira ralonj ko miltipiriz. Yaro kuwa mafi arha zai ɗauko. A nan ɓarna take farawa.

Ku sani, wannan waya ba ta ƙara wuta. Raba ta kawai take yi. Masu garka sun san wannan: hanyar ruwa ɗaya ce ake raba wa fangali shida. Duk wutar da bakuna shida za su sha, ta waya ɗaya take bi. In wayar siririya ce, aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai ta yi zafi. Robar jikinta ta narke. Tabarma ko labule su kama.

To, yaya mutum zai san ƙarfinta? A juya ta, a duba bayanta. Akwai lambobi. Wutar da NIGELEC ke bayarwa a gidaje bolt 220 ce, ana rubuta 220 V. Kusa da ita za ku ga 10 A ko 16 A, wato amper. Mai 10 A tana ɗaukar wat 2200, domin 220 sau 10 ke nan. Mai 16 A tana ɗaukar wajen wat 3500. Wadda ba a rubuta komi a jikinta ba, a ajiye wa mai ita kayansa.

Yawancin abubuwa masu aiki da wuta an rubuta wat ɗinsu a baya, da harafin W. Sai a haɗa lissafi. Kayan kiɗa na ɗaki ba su da ci sosai. Ba safai suke wuce wat 300 ba. Masu cin wuta su ne masu yin zafi. Dutsen guga na lantarki yana cin wat 1000 ko fiye. Butar dafa ruwa tana kai 2000. Waɗannan biyu kaɗai sun fi ƙarfin waya mai 10 A. Saboda haka wayar kiɗa a bar wa kiɗa. Firigo ma kada a haɗa shi da ita, domin duk sa'ad da injinsa ya tashi za ku iya jin ƙas a lasifika.

Amma lamba ba ta isa ba, don mai ha'inci ma ya iya rubutu. A ɗauki wayar a hannu. Ta kirki tana da kauri da nauyi, cikinta jan ƙarfe ne. A jikin robar akan rubuta kaurin zaren ƙarfen: mai 16 A tana son 1,5. In kun ga 0,75, ba ta manyan kaya ba ce. Akwai kuma wadda robarta ke da kauri, amma zaren ciki kamar gashi, ko kuwa farin ƙarfe ne aka shafa masa ja. In mai kanti ya yarda, a kankare bakin zaren da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, kuma maganaɗisu ba ya kama shi.

Sai maganar ƙafafu. Piriz ɗin da aka saba sa wa gidajen Nijar irin ta Faransa ce, mai karɓar ƙafa biyu kewayayyu. Kayan da ke shigowa Maraɗi da Damagaram daga Kano kuwa, da yawa kansu irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu kusurwa. Ba su shiga juna. Nan ne wasu ke yanke kan waya, su cusa zare tsirara a rami, su tokare da tsinken ashana. Wannan wasa da rai ne, balle a gidan da yara ke rarrafe. A kai wa mai gyaran lantarki ya sake kai, kuɗin ba yawa. A wajen saye kuma a gwada: a soka kan waya, a girgiza. In yana lilo, bakin bai riƙe ba. Baki mai sako-sako yana tartsatsi, yana zafi, kuma shi ne ke sa lasifika ƙarar-ƙarar ana tsakiyar sauraro.

Wasu wayoyin suna da maɓalli mai jar fitila. Yana da amfani. In an ɗauke wuta, a kashe shi nan da nan. Lokacin da wuta ke dawowa takan zo da ƙarfi, kuma a lokacin ne ampili ya fi mutuwa. A jira kwan fitila ya tsaya cik, sannan a kunna. Ampili shi ne na ƙarshen kunnawa, shi ne na farkon kashewa, don kada lasifika ta sha duka.

Akwai masu tsada da aka sa wa kariya daga hauhawar wuta. Suna taimako, amma abin kariyar yana gajiya da yawan bugu, kuma yana bukatar waya ta uku da ke shiga ƙasa, wadda gidaje da yawa ba su da ita. Ba ya maganin wuta mai rauni. Wannan aikin regilater ne. Mai kanti zai iya ce muku waya mai tsada tana ƙara wa kiɗa daɗi. A ganinmu, in waya na da kauri, bakinta na riƙo, ta gama aikinta. Sauran kuɗin a sayi lasifika mai kyau.

A gida kuma, kada a jona ralonj a kan ralonj. Kada a bar ta a naɗe tana aiki, kada a tura ta ƙarƙashin tabarma ko katifa. A rataye ta a bango, nesa da randa. Bayan an yi awa ɗaya ana kiɗa, a taɓa ta. In ta yi zafi, ko ana jin ƙaurin roba, a cire. Da damina, in hadari ya taso da walƙiya, kashe maɓalli bai isa ba: a zare ta daga bango, a zare wayar eriya.

In kuwa ta kama wuta, Allah ya kiyaye, kada a zuba ruwa. A ruga wurin konter a kashe wutar gidan duka, sannan a zuba rairayi. A gari, lambar masu kashe gobara 18 ce.